Ranar da Surukina Ya Ɗaura Mini Goyo

Ni mutum ne mai mantuwa. Sau da yawa nakan tafi kasuwa sayen dusar kaji in dawo gida da labarin siyasa kawai, sai na ga buhu a ninke a bayan mashin sannan in tuna abin da ya fitar da ni. Amma akwai wuni guda da na tabbata ko tsufa ya ci ƙarfina, ko na fara rikita sunayen jikokina, shi kam yana nan daram. Shi ne wunin da aka haifi 'yata ta fari, wunin da na shiga rafi da goyo a ƙirji, goyon da surukina ya ɗaura mini da hannunsa.

Lokacin ina kiwon kajin gidan gona a bayan gidanmu a Makarfi. Duk wanda ya taɓa renon 'yan tsaki sababbin ƙyanƙyasa ya san sanyi ne ke fara kashe su kafin yunwa. Jikin ɗan tsako bai iya yin ɗumin da zai riƙe shi ba tukuna, shi ya sa kaza take kwanciya a kan 'ya'yanta, mu kuma da ba mu da fukafukai sai mu haɗa da fitila da kaskon garwashi. Ina da ma'aunin zafi rataye a ɗakinsu, amma ko ban duba shi ba su da kansu sukan gaya mini. In sun cure wuri guda suna kuka, sanyi suke ji. In sun watse jikin bango suna buɗe baki, wuta ta yi yawa. Na kuma san garwashi ba abin yarda ba ne, don wani abokin sana'ata a Gazara ya taɓa toshe kowace kafa ta ɗakin tsakinsa saboda tausayi, ya bar musu kasko, da ya buɗe ƙofa ya tarar da su kwance reras. Ba wanda ya ƙone a cikinsu, iskar garwashin ce ta gama da su. Iyakar ilimina ke nan a kan zafi da sanyi, kuma ban taɓa zaton zan yi aiki da shi a kan ɗan mutum ba.

Da cikin matata ya shiga wata bakwai, danginta suka zo suka tafi da ita goyon ciki, kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Gidansu na wani ƙauye ne a ƙasar Furana, sai ka bar titi ka bi hanyar gona, ka haye wani rafi, sannan ka iso. Da rani rafin nan yashi ne zalla, yara na buga ƙwallo a ciki. Da damina kuwa sai ka tsaya ka yi shawara kafin ka sa ƙafa.

Tsakanina da surukina kunya ce irin ta da. In na je, a ƙofar zaure nake tuɓe takalmi in durƙusa, kaina a ƙasa, mu yi ta gaisuwa har gwiwata ta yi tsami. Ban taɓa cin ko gyaɗa a gabansa ba. Dattijo ne mai nauyin baki, manomin masara da rake, ni ina ce masa Baba, shi kuma bai taɓa kirana da sunana ba, sai Malam. Ga kuma al'adar ɗan fari da kowa ya sani a wajenmu. Uba ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya kiran sunansa, ko faɗuwa ya yi a gabanka sai ka yi kamar kana duban hadari.

Ana tsakiyar marka abin ya faru. Ruwa ya yi kwanaki yana zuba ba ƙaƙƙautawa, har tufafin cikin akwati sun yi danshi. Da hantsi ina zuba wa kaji abinci sai wayata ta yi ƙara. Ƙanin matata ne, yana magana yana haki. Ya ce an sauka, mace aka samu, amma bakwaini ce, kuma jini ya ƙi tsaya wa yayarsa. Sun ɗauko ta a kan ƙyauren ƙofa, shi da 'yan'uwansa da Inna mahaifiyarsu, sun haye rafi, har sun samu motar da za ta kai su asibiti a Ikara. Na ce jaririyar fa? Ya ce tana gida wajen Kaka. Daga nan layin ya yanke.

Ban san lokacin da na hau mashin ba. Ko ƙofar kajin ban rufe ba. A mararrabar da zan zaɓi ko Ikara ko ƙauyen, na tsaya cikin ruwa injin na kuka, na juya kan mashin nan, na sake juya shi can. Zuciyata tana wajen matata, amma ita tana da uwarta da ƙannenta, ga likitoci a gaba. Yarinyar kuwa tsohuwa ɗaya gare ta. Kuma kalmar bakwainin nan da sanyin da ke ratsa rigata sun haɗu sun hana ni sakat, 'yan tsakina kawai nake gani sun cure a kusurwa. Na karya kan mashin na bi hanyar gona.

A bakin rafi na jingine mashin a gindin wata ɗorawa na shiga da ƙafa. Ruwan ya kawo mini cinya, yana da ƙarfi amma ana iyawa. Na isa gidan sharkaf, na tarar da Baba zaune a zaure ya lulluɓa da mayafi, carbi a hannu. Na tuɓe takalmi na durƙusa.

"Baba, ina kwana."

"Lafiya lau, Malam. An zo lafiya? Ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara."

"Ya mutanen gidan? Ya wajen su mahaifin naka?"

Wallahi ban taɓa jin tsawon gaisuwa irin na ranar ba. Ina amsawa, kunnena yana cikin gida ko zan ji kukan jariri. Shiru, sai ƙarar ruwa a kan kwano. Baba ya yi mini barka a taƙaice, ya ce an wuce da mai jikin asibiti, Allah ya sawwaƙe. Bai ce in shiga ba, ni kuma bakina ba zai iya cewa ina son ganin 'yata ba. Na zauna a kan dugadugaina ina murza yatsu kamar wanda ya zo biko.

Kaka ce ta cece ni. Kakar matata ce, mahaifiyar Baba, kuma ita kaɗai ce a gidan nan nake iya buɗe baki da ita, don tsakaninmu wasa ne tun ina zuwa zance. Daga can ciki ta ɗaga murya.

"Wa nake ji kamar mai kaji? Shigo mana, ɗan nema, ka ga abin da kuka jawo mana. Ko sai an aiko maka da doki?"

Baba ya kau da kai, ni kuma na sulale ciki.

Na ɗaga labulen ɗakinta. Ƙofa a rufe take kafin in tura, an cusa tsummoki a taga, ga kasko cike da garwashi a tsakiyar ɗaki yana ja. Iskar ɗakin ta yi nauyi, nan da nan na ji kaina ya fara sarawa. Ban ko yi sallama da kyau ba na fizge tsummokin tagar, na banke ƙofa, na ɗauki kaskon da gefen rigata na ajiye shi a bakin ƙofa ta waje.

"Kai! Kai! Haukacewa ka yi? Za ka kashe mini ita da sanyi!"

"Kaka, garwashin nan a rufaffen ɗaki guba yake fitarwa. Ba a ganinta, ba a jin warinta. Ke kanki ba kya jin ciwon kai?"

"Ciwon kaina kai ne. Kaji ka sani. Bakwaini nawa na raya a cikin auduga tun uwarka ba ta san hanyar rijiya ba?"

Ta nuna mini wani faffaɗan kwando a kan gado. An shimfiɗa auduga sabuwar shiɓa, an rufa da zannuwa rututu, sai wata 'yar fuska da ba ta kai tafin hannuna ba. Kaka ta ce ta yi mata wanka tas da ruwan ɗumi, ta shafe ta da mai, ta naɗe ta. Tana faɗa tana jin daɗin aikinta, kuma tsakani da Allah iyakar abin da ta sani ta yi, da zuciya ɗaya.

Na manta da wata al'adar ɗan fari na zura hannu ƙarƙashin zannuwan. Ƙafarta sanyi ƙalau. Na ce to, ƙafa ce, na matsa zuwa cikinta da bayan hannuna. Shi ma sanyi. Ba ta motsa ba, ba ta yi kuka ba, sai ƙirjinta da ke ɗagawa a hankali, ya tsaya, ya sake ɗagawa. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Na kamo hannun Kaka na ɗora a kan cikin yarinyar. Tsohuwa ta ɗago ta dube ni.

"Ɗazu fa tana motsi," ta ce a hankali. "Har kuka ta yi."

Na fita tsakar gida ina neman inda waya za ta kama. Akwai wata ungozoma da ke aiki a Kudan, 'yar kudancin Kaduna ce, duk Kirsimeti wajena take sayen kaji, kowa Sista yake ce mata. Ita na kira. Saboda ƙarar ruwa sai na buɗe muryar wayar gaba ɗaya, na tsaya a ƙarƙashin rumfar da ke jikin zaure, na zayyana mata komai ina haɗa magana da magana.

"Mai kaji, tsaya, ka saurare ni da kyau," in ji ta. "Wankan nan ne ya kwashe mata ɗan ɗumin da ta fito da shi. Auduga da zani ba sa yin zafi, riƙe wanda ke akwai suke yi. Ba ka ga masu ƙanƙara da buhu suke rufe ta don kada ta narke ba? Yarinyar nan ta huce, in kun naɗe ta haka sanyin kuke adana mata."

"To in matso da ita kusa da wuta? Ko in sa ruwan zafi a gora?"

"Kada ka soma! Fatarta ba ta da kauri, ƙonewa za ta yi. Jikin mutum take so, shi ne ba ya wuce kima. A tuɓe ta, a bar mata hula da ɗan tsumma a gindi, a manna ta a ƙirjin wani, fata da fata, a tsaye, kanta a juye gefe don ta sha iska. Sai a ɗaure, a rufa da audugar ta bayanta. Wanda zai ɗauke ta ya goge jikinsa ya bushe, jiƙaƙƙen jiki jan zafi yake yi. Kuma ku kai ta asibiti a haka yanzun nan, ba za ta iya kama nono ba, ba a barin ta a gida."

Na ce wa zai ɗauke ta? Ta ce, "Duk mai jini a jika. Kai ba mutum ba ne?"

Na koma na gaya wa Kaka. Ta ce a ba ta, ita za ta rungume ta. Amma hannun da na kama ɗazu shi ma sanyi gare shi, jikinta ƙashi ne da fata, kuma ko a mafarki ba za ta haye rafin nan ba. Matan maƙwabta biyu da suka leƙo suka dubi juna. Ɗaya na da nata goyon, ɗayar ta ce ruwan ya ƙaru, ita kuma ko a rani tsoron rafin take. Na ce to ni zan ɗauke ta. Kaka ta riƙe haɓa.

"Kai? Namiji da goyo a gaba? 'Yar fari? A gidan surukai, ba riga? Ina ka taɓa jin haka? Ta zaure fa za ka fita."

Abin da ke cina ke nan. Ƙofar gidan ɗaya ce, kuma Baba na zaune a cikinta. Na doshi zauren, na dawo. Na leƙa kwandon, na sake fita. Na tsara maganar da zan yi masa a raina, ta rushe, na sake tsarawa. Ina zagaya tsakar gida cikin ruwa, kowane zagaye ina sane da cewa yarinyar ƙara hucewa take yi. Yau in na tuna sai in ji haushi ya taso mini, amma wanda bai tashi cikin irin wannan kunya ba ba zai gane nauyinta ba.

Sai na ji gyaran murya a bayana. Baba ne tsaye, riƙe da farin rawaninsa na zuwa masallacin Juma'a da wata babbar riga busasshiya. Ashe duk abin da Sista ta faɗa a kunnensa ta faɗa, bango ɗaya ne tsakaninmu.

"Malam."

"Na'am, Baba."

"Na ji abin da matar nan ta ce. Shiga ka tuɓe."

"Baba, ai da..."

"Kunyar ta jira mu. In mun dawo ma ci gaba da ita."

Haka na tsaya a tsakiyar ɗakin Kaka daga ni sai wando, ina goge jiki da zaninta, idona a kan rufin ɗaki. Kaka ta warware yarinyar, ta sa mata wata 'yar hular ulu, ta ɗora mini ita a ƙirji. Sanyinta ya ratsa ni kamar na rungumi randa. Nauyinta kuwa bai kai na kazar da ta yi wata guda ba. Kaka ta lulluɓe bayanta da audugar, Baba ya zagayo da rawani. Ni da shi kowa na gudun idon kowa.

"Ba haka ba," in ji Kaka, tana buge masa hannu kamar yaro. "Ta ƙarƙashin ɗuwawunta za ka fara, in ba haka ba zamewa za ta yi. Ja. Kada ka matse ta, ba dami kake ɗaurewa ba. Ku maza dai, Allah ya shirye ku."

Ya ɗaure a bayana, ya gwada da yatsa, ya zura mini babbar rigarsa. Ya farke wani buhun taki mai leda a ciki, ya huda tsakiyarsa ya rufa mini ta kai, ya bar wuya a buɗe don iska. Kaka ta biyo mu har zaure tana addu'a. Ban taɓa ganin ta ba tsiya a bakinta ba sai ranar.

Muka ratsa ƙauyen, Baba a gaba da sanda, ni a baya da tulin ƙirji. Mazan da suka fake a rumfar mai shayi suka bi mu da kallo. Wani ya ce, "Lafiya dai?" Baba bai ko waiga ba ya ce asibiti za mu. Ina tafiya ina sa kunne a wuyan rigar, ba na jin komai sai bugun zuciyata.

Da muka iso rafin na tsaya cak. Ba shi ne wanda na haye ɗazu ba. Ya cika ya yi ja, yana tafe da karan masara da rassan itace. Baba ya dube shi, ya naɗe wandonsa, ya koma ta ɓangaren da ruwan ke fitowa don ya tare mini ƙarfinsa, ya damƙi damtsena. Muka shiga da bisimilla. Ruwan ya wuce gwiwa, ya wuce cinya, ya kawo ƙugu. Sanyinsa ya kama ni har haƙorana suka fara haɗuwa, sai wani sabon tsoro ya shige ni, kada ni ma in huce in rasa abin da zan ba ta. Da ruwan ya taɓa cibiyata, tsakaninsa da ƙafafunta bai fi taƙi ɗaya ba. Na tallabe ta da hannu ɗaya na tura ta sama, ina tafiya a kan yatsun ƙafa. A tsakiya yashi ya zame a ƙarƙashina, na yi baya, na ji Baba ya fizgo ni da ƙarfin da ban san yana da shi ba.

"Kada ka dubi ruwan, Malam. Dubi ɗorawar can. Taka. Taka kuma."

Muka fita muna haki. Na lalubi rawanin ta ƙasa, gefensa kaɗai ya jiƙe. Na ce zan tuƙa, Baba ya miƙo hannu ya karɓi makulli. Ya ce in na zauna a gaba iska za ta riƙa dukan ta kai tsaye, in hau baya in fake da shi.

Tuƙin Baba kuwa sai mai haƙuri. Ko da rani ba ya wuce mai keke sai da dalili, balle cikin taɓo. Yana kauce wa kowane rami, yana rage wuta a kowace kwana, ni kuwa ji nake kamar in sauka in ruga da ƙafa. Da muka hau kwalta na kasa daurewa.

"Baba, da an ɗan ƙara wuta."

"In na yi gudu iska ta shige ku. Matso ka rufe tsakaninmu, ka bar mata wurin numfashi."

Gaskiyarsa ce, don ko shayi da iskar baki yake hucewa. Na matsa, na dafa kafaɗunsa da hannu biyu, yarinyar na tsakanin ƙirjina da bayansa. Mutumin da ban taɓa haɗa ido da shi ba, ga ni ina shaƙar warin mayafinsa.

Wannan tafiyar ita ce mafi tsawo a rayuwata. Tun daga rafi ban ji ta motsa ba. Wurin da take kwance ya daina yi mini sanyi, amma ban sani ba ko ita ce ta ɗumama ko fatata ce ta saba. Ba halin in buɗe in duba cikin ruwa da iska. Na riƙe numfashina ko zan ji nata, girgizar mashin ta hana. Na fara tunanin abin da zan ce wa matata in na isa da gawa ɗaure a ƙirji, na kore tunanin, ya dawo. Duk addu'ar da na iya na karanta, har da wadda ba ta wurin ba.

Mun fara hango gidajen Ikara ke nan sai na ji wani abu yana gangarowa a cikina, daga ƙasan rawani zuwa cibiya. Na ɗauka ruwan sama ne ya samu kafa. Amma ruwan sama ba ya zuwa da ɗumi. Kafin in gama ganewa sai na ji 'yan yatsu suna yaƙushin ƙirjina, sannan wani siririn kuka ya fito ta wuyan rigar.

"Baba! Ta yi fitsari! Wallahi da ɗuminsa, Baba!"

Mashin ya yi tangal-tangal har muka kusa sauka daga titi. Baba ya ce alhamdu lillahi, ya sake cewa, ya sake. Ina ganin kafaɗunsa na girgiza a ƙarƙashin hannuna, har yau ban san ko dariya yake ko kuka ba, ban kuma tambaya ba. Ni dai kuka na yi, ruwan sama ya rufa mini asiri.

A asibiti wata ma'aikaciyar jinya ta tare mu. Na kai hannu zan kwance rawanin ta ce kada in taɓa. Ta zura ma'aunin zafi ta gefe, ta sa a hammatar yarinyar tana jikina. Da ta zaro ta ce talatin da biyar da ɗan wani abu, har yanzu da saura, ana so ta haura talatin da shida da rabi. Ta canja mata tsumma, ta ba ni busasshen zani na ɗaura a maimakon jiƙaƙƙen wandona, ta zaunar da ni a kujera, ta sa aka kawo mini shayi mai zafi. Ta ce yanzu ni ne murhun, sai an riƙa sa mini itace. Can ta dawo ta sake aunawa, ya ɗan hau. Ta sake dawowa, ya ƙara. Ban taɓa ƙaunar wata lamba a duniya kamar yadda na ƙaunaci talatin da bakwai ranar ba.

Matata kuwa an tsayar da jinin, an yi mata ƙari, amma ko zama ba ta iya yi. Aka shigar da ni ɗakin masu jego a haka, da zani da babbar riga da tulin ƙirji. Mata suka hau jan mayafi suna ƙyaƙyatawa. Inna ta juya fuska bango. Matata ta buɗe ido ta dube ni, ta rufe fuska da tafin hannu don kunya, sannan ta miƙo ɗaya hannun ta lalubo 'yar ƙafar da ke leƙowa ta ƙasan rawani, ta riƙe ta ba ta saki ba. Da ɗan ƙaramin kofi aka riƙa ɗiga wa yarinyar nonon da aka tatsa. Ni da Inna muka riƙa karɓa-karɓar goyon, in ta gaji ta aiko a kira ni ba tare da ta dube ni ba, har uwar ta yi ƙarfi ta karɓi abarta.

Kafin in koma Makarfi labari ya riga ni isa. A majalisarmu aka sa mini suna mai goyo, wani har tambayata ya yi ko ni ma zan yi wankan jego. Da farko abin na ɓata mini rai, daga baya na riƙa amsawa da na'am. Yarinyar yanzu tana sakandare, ta kusa kamo ni tsawo, ga surutu kamar ta haɗiyi rediyo. Rannan ta zo tana yi mini bayanin darasinsu, wai zafi kullum daga abu mai ɗumi yake tafiya zuwa mai sanyi, kuma ya fi saurin wucewa in sun taɓa juna. Na ce mata haka ne, malaminku ya yi gaskiya.

Abin da wunin nan ya koya mini ba shi da yawa, amma ya zauna. Ranar ba ni da allura, ba ni da magani, ba ni da kwalbar da ake sa bakwaini. Abin da zai raya 'yata yana jikina tun daga Makarfi, Allah ya ba kowa shi kyauta, mai kuɗi da talaka awo ɗaya. Saura kaɗan ya tashi a banza saboda tsoron abin da za a ce. Ban raina kunya ba, da ita aka rene ni, da ita nake renon nawa. Amma na gane tana da lokacinta, kuma jaririn da ke hucewa ba ya jiran a gama ta. Shi ya sa duk saurayin da ya zo mini hankali tashe ya ce matarsa ta haifi bakwaini, ba na tsayawa dogon jaje. Nakan tambaye shi wa ke riƙe da jaririn a ƙirji yanzu. In ya ce babu, sai in ce masa ya koma da gudu ya tuɓe riga, ko a gaban wa.